Kunnen Jar Akuya

Lahadi, 2 ga Disamba 1984, bayan sujada

Yau a majami'a Dattijo Sabo ya tuna mana cewa saura sati uku da kwana biyu Kirsimeti. Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin, har da yara. Bara war haka sai da aka shimfiɗa tabarmi a waje. Wasu sun yi kudu neman abinci, wasu suna kwance ba ƙarfin tasowa. Ba wanda ya ɗaga kai sai surukata, Inna Tala, wadda ta ce amin da ƙarfi kamar an yi mata albishir da buhun gero.

A hanyar gida ta fara tsara min aiki: a shafe ɗakuna da farar ƙasa, a sauko da akusa a wanke, a aika wa Bappa Idrisa. Na ce Inna, da me za a yi bikin? Rumbunan nan biyu ko ɓera ya daina leƙa su. Ta ce shekara ashirin da shida gidan nan bai tsallake Kirsimeti ba, kuma ba a hannunta za a fara ba. Ita ce mai dogara sanda, amma ni nake bin ta a baya ina haki.

Wannan littafi na mijina ne, baban Hannatu, ragowar na lakol, wato makaranta, rabinsa babu rubutu. Tun da ya bi ta daji ya ƙetara Najeriya neman aiki, wata uku ke nan, ba ni da wanda zan yi wa mita. To zan yi wa takarda.

Duk abin da Inna ta ce zan yi. Sunan Bappa Idrisa ne kawai ban so ji ba.

Litinin, 3 ga Disamba, da hantsi

Marigayi Labo, mijin Inna, shi ya fara bin Almasihu a nan Gidan Maikuɗi. 'Yan'uwansa duka Musulmi ne har gobe. Ya ce abincin da ɗan'uwansa ba zai iya ci ba, ba abincin biki ba ne. Saboda haka duk Kirsimeti Musulmi ke yi mana yanka, kuma ba kowa ba, abokinsa Bafulatani, Idrisa. Yakan zo da hantsi, ya fuskanci gabas, ya yanka da wuƙar Labo, a ba shi wuya, rabon mai yanka. Sannan a cika akusa a kai gidajen dangi. Da Layya su ma nasu ya shigo mana. Labo ya rasu, Inna ba ta sake ko tsinke daga wannan ba.

Shi Bappan ne muka ba wa awakinmu biyar a watan Agusta, da ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone tun bai fitar da kai ba. Zai yi kudu da shanunsa, muka ce ya haɗa da su. Huɗu na Inna ne. Ta biyar ja ce, tana da ciki, kuma ta ƙaramar 'yata ce, mai shan nono, kawuna ya ba ta ranar suna.

A watan Oktoba nonona ya ƙafe. Sau uku ina aikawa a dawo min da jar akuyar. Ba akuya, ba amsa.

Sauran ba zan rubuta ba.

Laraba, 5 ga Disamba, da yamma

Anza, anza, anza. 'Yar itacen dajin nan ce abincinmu yanzu. Kwana huɗu ina jiƙa ta ina zubar da ruwa, har yanzu ɗacinta na nan. Babbar 'yata Hannatu takan toshe hanci ta haɗiye, ba ta ƙorafi. Shekararta bakwai amma ta san ba a tambayata mene ne na dare.

Abin yanka ɗaya ya rage a gidan nan, wani tsohon zakara da muke kira Kumandan saboda yadda yake taku a tsakar gida, ƙirji a gaba, alhali in ka ɗaga shi gashi ne da ƙashi. Na ce a musanya shi da tiyar dawa. Inna ta ce Kumandan yana da aiki ranar ashirin da biyar.

Jumma'a, 7 ga Disamba, da azahar

Zainaba ta shigo, matar Malam Inusa, ɗan wan marigayi. Ita ce ƙawata a garin nan tun ina amarya. Jiya ta je Agiye karɓar jar dawar taimako, kuma ta ga Bappa Idrisa.

Ta ce ba ta gane shi ba sai da ta ga Dija, matarsa. Suna can gefen gari inda makiyaya suka taru, waɗanda shanu suka ƙare musu. Shi bai ma zauna cikin mutane ba, yana ƙarƙashin wani gawo can nesa, da jikokinsa biyu. Ba ya shiga layi. Mutumin da ke da shanu sittin, ta ce, yanzu sanda kawai gare shi. Da ya hango ta sai ya juya mata baya.

Na tambaye ta awaki. Ta ce ko kaza ba ta gani ba.

Na ce to in sun mutu ina kunnuwa? Kowa ya san makiyayi in dabbar amana ta mutu a hannunsa, yakan yanke kunnen da ke da shaidar mai ita ya kawo, a gani a haƙura. Wata nawa yanzu? Daga Agiye zuwa nan tafiyar awa uku ce. Wanda bai ci amana ba me zai sa ya juya baya? Na ce sayar da su ya yi, na faɗa da ƙarfi don Inna ta ji daga ɗaki.

Ta ji. Ta fito ta tambayi Zainaba abu ɗaya, wai yaran suna iya tsayuwa?

Asabar, 8 ga Disamba, da safe

Na sunkuya zan ɗauki tulu, na kai hannu baya in gyara goyo. Babu goyo.

Lahadi, 9 ga Disamba, da la'asar

Inna ta ba Dattijo Sabo saƙo, tunda yana da keke: a gaya wa Idrisa Kirsimeti ranar Talata ta sama ta sama ce, ya zo da hantsi kamar kullum. Ba maganar awaki a saƙon, ko kalma ɗaya.

Mun yi faɗa. Ni na yi, ita ba ta yi ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Na ce mutumin nan ba zai taka gidan da nake ciki ba. Ta ce gidan ya san ƙafarsa tun kafin a haife ni. Na ce to ni zan fita. Ta ce in na fita wa zai tuƙa tuwo, tunda kafaɗarta ta daina ɗagawa?

Daga baya na kama ta bayan ɗaki tana gutsura wa Kumandan daga ɗan nata rabon. Na tsaya ina kallo. Tsohuwa ta rame har awarwaro na zamowa daga hannunta, tana ciyar da zakara domin maƙwabta su sha romo. Na so in yi mata tsawa, sai na ga ba zan iya ba. Ban taɓa ganin mai taurin kai irin nata ba, kuma Allah ya sani ina so in zama rabinta.

Talata, 11 ga Disamba, da yamma

Dattijo Sabo ya dawo. Bappa ya gaishe shi da kyau, ya saurari saƙon, ya daɗe yana zane a ƙasa da sanda, sannan ya ce a gaya wa Tala ta nemi wani bana.

Na ji sanyi a raina, ba zan yi ƙarya ba.

Malam Inusa ya ji labari ya zo da kansa, ya ce Inna, ai ga ni, yankan zakara wani abu ne? Ta yi masa godiya, ta sa masa albarka, ta tambayi ciwon ƙafarsa, ta raka shi har ƙofa. Bai gane an ƙi shi ba sai da ya kai gida.

Alhamis, 13 ga Disamba, da azahar

Mun shafe ɗakuna biyu da zaure. Ni da Hannatu muka ɗebo farar ƙasa daga tsohon kududdufi, wanda ya bushe ya tsage har ƙafa na shiga. Inna na zaune tana nuna inda na bari da bakin sanda. Ido ba ya ganin zare a allura amma yana ganin inda ban shafa ba.

Da muka sauko da akusa, ta riƙa ɗaukar su ɗaya ɗaya tana faɗin gidan da kowanne ke zuwa. Mai tsagar nan na gidan Malam Inusa ne. Baƙin na tsohuwar da ke bayan masallaci, wadda ba ta da haƙori, don haka sai an zaɓa mata mai laushi. Ta ce a yunwar da ta wuce, shekara goma sha ɗaya ke nan, zabuwa ɗaya suka dafa, kuma ba akushin da ya fita ba tare da ɗigon romo ba. Na ce mutane ba su yi dariya ba? Ta ce sun yi, kuma ai dariyar ake so.

Gidan ya yi fari tas. Ciki ba kome, amma in ka shigo sai ka ji kamar ana jiran wani abin alheri. Hannatu ta yi ta zagayawa tana shafa bango.

Asabar, 15 ga Disamba, da hantsi

Duk shekara Inna takan yi wa kowa na gidan nan kyauta da hannunta, tana ɓoyewa a lefe. Na shiga neman allura na ga wata 'yar hula ta saƙa, rabi aka yi aka tsaya. Ba za ta shiga kan Hannatu ba.

Na mayar na rufe.

Litinin, 17 ga Disamba, da almuru

Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Mun je Agiye mun dawo.

Ranar rabonmu ce, kuma ni kaɗai zan je, amma da na fito na tarar da Inna a ƙofa ta riga ta ɗaura zane, da wuƙar marigayi naɗe a tsumma. Na san inda za ta. Awa huɗu muna tafiya saboda sai ta huta.

Layi ya yi tsawo daga buro, ofishin hukuma, har bakin titi, jandarma biyu na tsaye. Da aka auna mana, ta karɓi nata rabon ta ɗora a ka ta nufi wajen gari. Na bi ta har inda na hango gawon, na tsaya. Ta waiwayo sau ɗaya, ba ta kira ni ba.

Daga nesa na gani. Dija ta taso da gudu ta durƙusa. Shi yana zaune, rawani ya yi masa yawa a ka, da ya ga Inna sai ya sunkuyar da kai har gwiwa. Ta zauna a ƙasa gefensa, ba ta fuskance shi ba. Yaran biyu suna kwance kan buzu, namiji da wata 'yar ƙarama. Ban so in kalle su ba, amma na kalla. Inna ta daɗe a wurin. Da ta taso ba wuƙa, ba dawa.

A hanya na ce Inna, ina abincinku na sati biyu? Ta ce ya yi mata nauyi, ta ba Dija ajiya, ta surfa mata ta kawo ranar biki, kuma mai surfe ai yana ci a ciki. Na ce ni da zan ɗauka fa? Ta ce Bafulatani zai mutu a zaune bai miƙa hannu ba, amma in ka ba shi aiki zai karɓa.

Na tambayi abin da ta ce masa. Ta ce magana ɗaya:

"Idrisa, ga wuƙar abokinka. Ni ban iya yanka ba, kuma ba ni ba wani. In ba ka taho ba, zakaran shi tsufa shi mutu don kainai, dangin Labo su kwana ba su ci namu ba."

Na ce me ya ce? Ta ce ai bai mayar da wuƙar ba.

Laraba, 19 ga Disamba

Rabo ɗaya, baki uku. Yau ban yi wa Inna magana ba sai gaisuwa.

Alhamis, 20 ga Disamba, da hantsi

Wani mutumin Gazawa mai bin daji da raƙumi ya tsaya a ƙofa ya ba ni ƙunshi daga baban Hannatu. Gishiri, ɗan ƙullin sukari, ganyen shayi, gwangwanin tumatir guda ɗaya, ashana. Hannatu ta yi ta sansanar sukarin ta cikin takarda. Inna ta ɗaga gwangwanin sama kamar an haifi ɗa namiji, ta ce ga miyar Kumandan ta iso.

Yana Katsina, yana dako a kasuwa, lafiyarsa lau. Rubutu layi biyar ne. Na ƙarshe ya ce in shafa masa kan 'yan matansa biyu.

Bai sani ba. Ba wanda ya gaya masa. Mai raƙumi ya tambaya ko akwai amsa, na ce ya ce muna lafiya.

Asabar, 22 ga Disamba, da la'asar

Zainaba ta zo da ɗan garin lalle da ta ɓoye tun bikin ƙanwarta. Ta yi wa Hannatu kitso, ta yi min, ta ce gashina ya zube amma za ta yi dabara. Duk shekara ita ke yi mana kitson Kirsimeti, ni in yi mata na Salla. Tana yi tana tsokanata wai Kiristoci sun iya biki, zakara ɗaya sun gayyaci gari. Na yi dariya, na manta rabon da in yi.

Da ta tafi, ina zaune ƙafa a ƙunshe ba damar tashi, sai Inna ta zo ta zauna kusa da ni. Ta san ba zan iya gudu ba, shi ya sa ta zaɓi lokacin. Na ɗauka wa'azi za ta yi min. Sai ta kalli ƙafata, ta ce:

"Barira, kina tsammani ni ban ji ba? Jikata ce. A hannuna ta cika, ke kina rijiya. Ni ma ina son in ji mi ya faru ga akuyar nan. Amma in mutum ya mutu ƙarƙashin gawo, wa za mu tambaya?"

Ban taɓa jin ta ambaci ranar ba sai yau. Na matsa mata a tabarma.

Lahadi, 23 ga Disamba, bayan sujada

Yara sun yi koyon waƙa. Mu tara yau.

Litinin, 24 ga Disamba, da almuru

A gidan nan jajibere ake ba da kyauta, kafin rana ta faɗi, kowa a zaune kan tabarma ɗaya. Inna ta karanta labarin haihuwar da ka, tunda idon ba ya gani, ta kuma tsaya inda take tsayawa kullum, wurin makiyaya, ta ce ku lura su aka fara gaya wa.

Sannan ta buɗe lefe. Hannatu ta samu riga, kuma na gane zanen, shi ne shuɗin da Inna ke zuwa sujada da shi. Ta yanka shi ta ɗinka da lalube, ɗinkin ya karkace a kafaɗa, yarinyar ta sa ta ƙi cirewa. Ni ta ba ni man kaɗe cikin ɗan ƙoƙo, saboda fason ƙafata. Ban san inda ta samo ba, ban kuma ga awarwaronta a hannunta ba. Na baban Hannatu, maɗaurin wando ne, ta rataye a ƙusa. Hular ba ta fito ba, na gode mata a zuci.

Ni ba ni da kome. Na ɗumama ruwa na wanke mata ƙafafu, na shafa mata daga man da ta ba ni. Ta ce wannan wace irin rowa ce, a ba ka kyauta da kyautarka. Amma ta lumshe ido ba ta janye ƙafar ba.

Sau biyu na fita zubar da ruwa ina duban hanyar Agiye. Ban san me nake so in gani ba.

Talata, 25 ga Disamba, da la'asar sakaliya

Zan rubuta duka tun ina tunawa daidai.

Mun taso daga sujada da hantsi. Na tuƙa tuwon jar dawa da abin da ya rage, na ɗora ruwan fige zakara. Ya tafasa, ya huce, na sake hura wuta. Kumandan na ɗaure a turke yana harararmu. Rana ta take tsaka. Malam Inusa ya leƙo ya yi barka da biki, ya tsaya yana gyaran murya, Inna ta ce masa a ɗan ƙara. Na ce Inna, ba zai zo ba. Ta ce to mu ci tuwo gaya. Tana zaune a bakin zaure, hannu biyu kan sanda.

Ana kiran azahar suka iso. Shi a gaba, Dija a baya da kaya a ka da ƙaramar a goye, namijin yana jan ƙafa. Tun asuba suka taso, yaran ne ba sa iya sauri.

Dija ta sauke kayan gaban Inna. Dawar ce, a surfe, tas, kuma kusan duka tana nan. Dusar kawai suka ci, kwana takwas. Yau na fara ganin magana ta ƙare wa Inna.

Bappa bai shiga ba. Ya tsuguna a ƙofar zaure, ya ajiye wuƙa, sannan ya ciro ƙulli biyu daga aljihu. Ya kwance na farko. Kunnuwa huɗu ne, sun bushe kamar ganye, kowanne da tsaga biyu, shaidar Inna. Ya faɗi inda kowace ta faɗi, wannan a bakin rijiya, wannan kusa da iyaka da aka hana su ƙetarewa. Inna ta ce ta gani, na Allah ne.

Ya ajiye ƙulli na biyu nesa da na farko. Da haƙori ya kwance shi. Kunne ɗaya, da sauran jan gashi a jikinsa.

"Waɗancan Allah ya ɗauka," in ji shi. "Wannan ni ne."

Ya ce saƙona ya same shi, na biyun. Ya taso da akuyar zai kawo min, tafiyar kwana biyar. A kwana na uku yaran suka daina kuka, ko an taɓa su ba sa buɗe ido. Uwarsu ta riga ta rasu a hanya. Sai ya yanka ta. Suka sha romo, suka ci kwana shida a kanta. Da suka iso Gazawa ya ji a kasuwa abin da ya faru a gidan Labo.

Ina tsaye da ludayi a hannu. Abin da ya fara zo min shi ne, da ya sa kunnen nan cikin huɗun can, wa zai sani? Ba mai shaida sai Dija da daji. Wata biyu yana ɗauke da shi a ƙulli dabam.

Inna ta ce, "Wagga ba tawa ba ce, Idrisa. Ga mai ita nan."

Kowa ya juyo gare ni. Abu ɗaya nake son sani tun Oktoba, shi na tambaya.

"Bappa, tana da nono?"

Dija ta yi sauri za ta amsa, na ga a fuskarta babu za ta ce, kuma da na yarda. Ya ɗaga mata hannu.

"Akwai, ɗiyata. Kaɗan ne, amma akwai."

Na ajiye ludayin na shiga ɗaki.

Ba wanda ya biyo ni. Na jira Inna ta shigo ta ce in yi haƙuri, ta ce yau ranar kaza ce, domin in samu wanda zan yi wa ihu. Ba ta zo ba. Ta bar min abina a hannuna. Tsakar gida tsit, sai wutar da ke ci. Ta ƙofa ina hango ƙaramar, an sauke ta, tana tsaye ta dafa bango tana lasar farar ƙasar da na shafa. Ba ta fi shekara uku ba. Tana tsaye da ƙafafunta. Na yi ta kallonta ina neman in tsane ta, abin ya ƙi.

Ban san iya daɗewar da na yi ba. Na fito, na durƙusa gaban tsohon nan wanda har yanzu bai ɗaga kai ba, na ɗauki jan kunnen na sa shi cikin sauran, na ƙulle tsumman.

"Biyar ne, Bappa," na ce. "Fari ya cinye su duka."

Ya ja rawani ya rufe fuska. Kafaɗunsa kawai ake gani suna motsi. Dija ta juya wa bango. Sai Inna ta buga sanda a ƙasa ta ce, to Idrisa, zakaran nan ya gaji da jira.

Ya fuskanci gabas ya yanka. Ni na zuba masa ruwa ya wanke hannu.

Kumandan ya ba da romo fiye da yadda na zata, da tumatir da gishiri har ƙamshi ya kai gidan Zainaba ta leƙo ta katanga. Akushi takwas suka fita, kowanne da tuwo, da romo ludayi biyu, da tsoka kamar kan yatsa. Tsohuwar bayan masallaci ta samu hanta. An yi dariyar kuwa, ina jiyo ta daga nan. Wuyan zakara ba abin a zo a gani ba ne, sai na haɗa wa Bappa da cinya. Inna ta gani ta kau da kai.

Ba ya ci a gaban mutane, don haka ta sa aka kai masa cikin zaure aka saki asabari. Kwanon ya fito wayam. Bayan nan na dafa shayi da sukarin duka, muka sha a kofi biyu muna miƙa wa juna, Hannatu ta zauna cikin karkatacciyar rigarta tana hura wa ƙaramar.

Laraba, 26 ga Disamba, da hantsi

Inna ta hana su komawa Agiye. Ta ce dangar bayan gida ta faɗi kuma ba namiji a gidan, sai Idrisa ya gyara, ita kuma tana bukatar mai surfe. Ya ce to.

Ban sani ba ko na yafe masa. Hannuna ne ya riga ni jiya. Da safe na gaishe shi. Sai da na koma ɗaki abin ya zo, kukan da ban yi ba tun ranar tara ga Nuwamba, ranar da na rasa ƙaramata. Dija ce ta shigo ta riƙe ni. Inna na tsakar gida tana ji, ta bar mu.